Salbiniya da Azola: Tambayoyi da Amsoshi kan Renon Tsirrai Masu Yawo a Saman Ruwa

Masu kiwon kifi a tankin gilashi ko a kududdufin ado kan fara da tambayar yadda za su raya salbiniya ko azola. Bayan wata guda sai tambayar ta juya, ta koma yadda za su rage su. Wannan juyin shi ne kusan dukan ilimin renon waɗannan tsirrai: ba su da wuyar kamawa, aikin yana wajen tsare su a inda aka ajiye su. Ga tambayoyin da aka fi yi, da amsoshinsu.

Mene ne salbiniya, mene ne kuma azola?

Dukansu biyun tsirrai ne da ke rayuwa a saman ruwa ba tare da sun kafa saiwa a ƙasa ba, kuma dangin juna ne. Suna cikin rukunin tsirran da ba su yin fure, ba su yin 'ya'ya, sai dai su fitar da wasu ƙwayoyin haihuwa ƙanana ƙwarai, ko kuma reshe ya ɓalle ya zama sabon tsiro. A gida ta hanya ta biyun suke yaɗuwa kusan ko da yaushe.

Salbiniya tana da ganye zagayayye ko mai ɗan tsawo, bibbiyu a jere a jikin wani siririn kara. Girman ganyen ya danganta da nau'i: na Salvinia minima bai cika wuce santimita 1 ba, na Salvinia molesta kuwa yakan kai santimita 4 ko fiye. An ba ta sunan wani malami ɗan Italiya, Anton Maria Salvini. Azola ta fi ƙanƙanta, tsiro guda bai cika wuce santimita 1 zuwa 2 ba, ganyayenta mitsi-mitsi ne masu hawa kan juna. Daga nesa za ka ɗauka wata koriyar shimfiɗa ce a kan ruwa, wani lokaci ja.

Ba kainuwa ba ce?

A'a. Kainuwa tsiro ce mai fure, ko da yake furen nata ƙarami ne a ɓoye tsakanin ganye, ta fi girma nesa ba kusa ba, kuma tana da saiwa ta gaskiya mai tsawo. Wurin zama kawai ya haɗa su.

Abin da ke lilo a ƙarƙashin salbiniya saiwa ce?

Ganye ne. Salbiniya ba ta da saiwa ko ɗaya. A kowace gaɓa ganye uku ne ke fitowa: biyu su kwanta a saman ruwa, na ukun ya nutse ya tsattsage ya zama zare-zare masu launin ƙasa. Shi ke taimaka wa tsiron ya daidaita a kan ruwa, a jikinsa kuma ake samun ƙulle-ƙullen da ke ɗauke da ƙwayoyin haihuwa. Don haka kada ka ga launinsa na ƙasa-ƙasa ka ɗauka ruɓewa yake yi ka yanke shi. Azola kuwa tana da saiwa ta gaskiya, siririya, gajeriya.

Me zan amfana da su a tankin kifi?

Babban amfaninsu shi ne shanye dattin da ya narke a ruwa. Kashin kifi da ragowar abincinsu suna sakin amoniya, ita kuma ta koma naitiret, wanda ke taruwa har sai an canza ruwa. Tsiron da ke nutse yana shan wannan datti a hankali, saboda iskar kabon da yake samu a cikin ruwa kaɗan ce. Wanda ke saman ruwa kuwa iskarsa daga sarari yake ɗauka, ga shi kusa da haske, shi ya sa yake girma da sauri, yana zuƙe abin da ke ruwan daidai da saurin girmansa. Duk lokacin da ka kwashe cikin hannu ɗaya ka fitar, ka fitar da dattin da ya riga ya shiga jikinsa ke nan. Wanda bai kwashewa bai ci wannan moriyar ba, domin tsohon ganye zai mutu a ciki ya mayar wa ruwan abin da ya sha.

Sai inuwa. Akwai kifaye masu tsoro da ba su sakin jiki a tanki mai haske tas. Da zarar an rufe wani sashe na saman ruwan sai ka ga sun fito fili. Kifin beta da gurami, masu gina sheƙar kumfa a saman ruwa, suna son jingina ta da ganyen salbiniya. 'Ya'yan kifi da ƙananan jatan lande suna samun maɓoya a cikin zare-zaren ƙasa, suna kuma tsintar ƙananan halittun da ke manne a wurin. Gansakuka ma takan ragu, tunda an rage mata haske an kuma raba ta da abinci.

A nan akwai bambanci tsakanin su biyun da ya kamata a sani. Azola tana da hanyar samun naitirojin, sinadarin da tsiro ke buƙata daga naitiret, daga iska, don haka ba ta dogara da na ruwa ba kamar salbiniya. In rage naitiret ne burinka, salbiniya ta fi dacewa.

Ta yaya azola ke samun naitirojin daga iska?

A cikin kowane ganyenta akwai ɗan kogo da wata ƙwayar halitta mai suna Anabaena azollae ke zaune. Ita ke kama naitirojin na iska ta mayar da shi abin da tsiro zai iya ci, azola kuma ta ba ta mazauni. Zaman nasu ya yi nisa har ƙwayar tana bin tsiron daga zuriya zuwa zuriya, ba sai an sake haɗa su ba. Wannan ne ya sa manoman shinkafa a Sin da Biyetnam suka shafe ɗaruruwan shekaru suna renon azola a gonakinsu na ruwa, su turmushe ta cikin laka ta zama taki. Abin da ba za ta iya samu daga iska ba shi ne fosfaras, wani sinadarin abincin tsiro, kuma rashinsa ne ya fi tsayar da girmanta.

Wane irin ruwa da zafi suke so?

Ruwan daɗi mai kwanciya, wanda bai cika tsami ba bai cika kanwa ba, wato tsakanin 6 da 7.5 a ma'aunin pH. Zafin digiri 20 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyos ya wadace su. Idan ruwa ya haura digiri 35, azola takan fara ƙonewa tana mutuwa, salbiniya ta ɗan fi ta juriya. Gishiri ba ya yi musu, saboda haka mai zuba gishiri a tanki don jinyar kifi ya fara kwashe tsirran ya ajiye a wani mazubi. Haka ma magungunan kifi masu ɗauke da tagulla, da magungunan kashe gansakuka. Ruwan famfo mai kulorin kuwa a cire masa kulorin ɗin kamar yadda ake yi saboda kifi, ya isa.

Haske fa?

Suna son haske mai ƙarfi. A tanki, sa'a 8 zuwa 10 na fitila a rana ya isa. A bar tazara tsakanin fitilar da ruwan, domin mai zafi idan ta matso tana gasa ganyen. A waje salbiniya tana jure rana, amma a ƙasa mai zafi azola ta fi son inuwar da rana ke ratsawa, musamman da tsakar rana.

Na sayo salbiniya lafiyayya, cikin mako guda ta yi baƙi ta narke. Me ya faru?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace yawa, kuma a mafi yawan lokuta amsarta ɗaya ce: saman ganyen ya jiƙe.

Ka ɗauki ganye ɗaya ka duba shi da gilashin ƙara girma. Samansa cike yake da gashi a jere, kowane gashi ya rabu huɗu a kai, kuma lulluɓe yake da wani irin kaki mai korar ruwa. Gashin nan yana riƙe iska a saman ganyen. In ka danna tsiron cikin ruwa za ka ga ya yi walƙiya fari-fari, ka sake shi ya taso a bushe. Masanin tsirrai Wilhelm Barthlott na Jami'ar Bon a Jamus da abokan aikinsa sun bayyana sirrin abin a 2010: a Salvinia molesta ƙarshen kowane gashi yana da ɗan tabo mai kama ruwa, sauran jikinsa kuma yana korar sa, sai ruwan ya maƙale a sama, iskar ta zauna a ƙasa ba ta kuɓuce ba. Injiniyoyi na nazarin wannan tsari don rage gogayyar jiragen ruwa da teku. Ta saman nan tsiron ke numfashi. Nutsewa sau ɗaya ba ya yi masa komai, amma jiƙewa dare da rana tana kashe shi.

Abubuwa biyu ne ke jawo haka a tanki. Na farko matatar ruwa mai zubowa daga sama, wadda ke tura tsirran ƙasa tana juya su ba hutawa. Na biyu murfin da ya rufe ruf: tururi ya taru a jikinsa, ya riƙa ɗigowa a kan ganye, ga iska ba ta zagayawa. Maganin na farko shi ne a rage ƙarfin ruwan, ko a mayar da bakin matatar ƙasa da saman ruwa, ko a yi wa tsirran shinge. Ana yanko siririn tiyon iska, a haɗa bakinsa biyu ya zama zobe mai yawo, a zuba tsirran a ciki, a ɗaure shi a kusurwar da ruwa ya fi kwanciya. Maganin na biyu a ɗaga murfin kaɗan, ko a sauke ruwan ƙasa da 'yan santimita, ko a karkata gilashin murfin yadda ɗigon zai gangare gefe.

In babu ɗaya daga cikin biyun, to a yi haƙuri na 'yan kwanaki. Tsiron da aka rena a rana aka kawo shi ƙarƙashin fitila yakan zubar da tsofaffin ganye kafin ya saba. Ka dubi kan karan: muddin sabbin ganye kore na fitowa, yana nan da rai. A tsince ruɓaɓɓun a fitar.

Ganyen ya koɗe ya yi rawaya, sababbin kuma ƙanana ne.

Yunwa ce. Tankin da kifinsa kaɗan ne, ko wanda tsirran suka riga suka shanye abin da ke ciki, ba ya iya ciyar da shimfiɗa mai yawa. Idan tsofaffin ganye ne ke rawaya, naitirojin ya yi ƙaranci. Idan sababbi ne ke fitowa fari-fari, sinadarin ƙarfe ne babu. A rage yawan tsirran da farko, sa'an nan a sa takin ruwa na tsirran tanki daidai yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Takin gona ba na tankin kifi ba ne, yana iya sakin amoniya mai kashe kifi.

Azolata ta koma ja. Tana mutuwa ne?

Ba lallai ba. Azola takan yi ja idan rana ta yi mata yawa, ko sanyi ya kama ta, ko fosfaras ya ƙare. Jan launin kariya ce da take yi wa kanta, kuma masu kududdufin ado da yawa saboda shi suke ajiye ta. Sai dai jar azola ba ta girma da sauri kamar koriya. Wadda ke mutuwa launin ƙasa take yi, ta farfashe, ta nutse.

Nawa ne ya kamata su rufe na saman ruwa?

A ganina kada su wuce kashi 1 cikin 3 a tankin da ke da wasu tsirrai a ƙasa, kada kuma su wuce rabi a ko'ina. Wannan ne wurin da mutane suka fi yin sakaci, domin shimfiɗar da ta rufe ruwa gaba ɗaya tana da kyan gani, kuma daga sama ba a ganin abin da ke faruwa a ƙasa.

Ruwa yana samun iskar oksijin ta fuskarsa da kuma tsirran da ke nutse. Shimfiɗa mai kauri tana toshe hanyoyin biyu lokaci guda: ta rufe fuskar, ta kuma hana na ƙasa haske. Oksijin ɗin da ita kanta ke fitarwa sarari yake tafiya, kaɗan ne ke shiga ruwa. Ƙari a kan haka, matattun ganye suna nutsewa su ruɓe, ruɓewar kuma tana cin iskar da ta rage. Da asuba abin ya fi tsanani, bayan an kwana babu haske. Idan ka ga kifi sun taru a sama da sassafe suna buɗe baki, ka kwashe fiye da rabin tsirran nan take, ka kunna famfon iska.

Saurin yaɗuwarsu ne ke yaudarar mutum. A yanayi mai kyau salbiniya da azola kan ninka kansu cikin ƙasa da mako guda. Kududdufin da yau rabinsa ne a rufe, ninki ɗaya ya rage masa ya toshe. Saboda haka a ware rana ɗaya a kowane mako, a sa ƙaramar raga a kwashe, a ɗan girgiza ta a ruwa kafin a ɗaga don 'ya'yan kifin da suka ɓuya su fita.

Kifi suna cin su?

Azola tana da taushi, kifin zinariya da kifin koyi da karfasa suna cinye ta, wani lokaci kafin ta samu damar yaɗuwa. Mai irin waɗannan kifaye ya rena ta a mazubi dabam, ya riƙa ɗibar musu. Busasshiyarta tana da furotin mai yawa, amma ɗanyar fiye da kashi 90 cikin 100 ruwa ne, don haka ƙari ce a kan abincinsu, ba ta maye gurbinsa. Kuma tana shan ƙarafa masu guba daga gurɓataccen ruwa, kada a ciyar da wadda aka kwaso daga irin wannan wuri. Salbiniya kuwa gashinta ya sa yawancin kifi ba su damu da ita ba.

Suna hana sauro?

An daɗe ana faɗin haka game da azola, kuma akwai ƙamshin gaskiya: shimfiɗa mai kauri da ba ta da ɓula tana wahalar da sauro wajen yin ƙwai, tana hana 'ya'yansa hawowa su shaƙi iska. Amma irin wannan shimfiɗar ita ce wadda muka ce tana shaƙe kifi. Idan kuma da ɓula, sauro ya samu ruwa kwantacce da maɓoya daga kifin da zai cinye 'ya'yansa. Akwai ma sauron Mansonia, wanda 'ya'yansa ke soka bututunsu a jikin tsirran ruwa su sha iska daga can ba tare da sun hau sama ba. Kifi mai cin 'ya'yan sauro ya fi abin dogaro.

Me zan yi wa sabon tsiro kafin in sa shi cikin kifi?

Ka ajiye shi a bokiti ko kwano mai haske na mako 1 zuwa 2. A cikin zare-zaren ake shigo da ƙwan katantanwa, da 'ya'yan mazari masu farautar ƙananan kifi, da wasu mitsitsin tsirran da in sun shiga tanki fitar da su sai an sha wuya. A saman ganye kuma akan samu ƙananan ƙwari masu tsotsar ruwan tsiro. Ka ɗauraye shi a hankali, ka tsince abin da ka gani, ka canza ruwan sau biyu ko uku. Ruwan bilic da ake tsoma wasu tsirran tanki a ciki yana ƙona waɗannan, a bar shi.

An ce haramun ne ajiye salbiniya a wasu ƙasashe. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma da dalili mai ƙarfi. Salvinia molesta 'yar kudu maso gabashin Barazil ce, masu sha'awar tsirran ado ne suka taimaka wajen yaɗa ta a duniya. Bayan an datse kogin Zambezi aka samu tafkin Kariba tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, ta mamaye shi, har a 1962 ta rufe kimanin murabba'in kilomita 1,000, kusan kashi 1 cikin 5 na tafkin. A kogin Sefik na Fafuwa Niu Gini ta toshe hanyoyin kwalekwale da wuraren kamun kifi, har wasu mutane suka bar ƙauyukansu. Abin mamakin shi ne wannan nau'i ba ya fitar da ƙwayoyin haihuwa masu rai. Duk wannan ɓarna da ɓallewar reshe aka yi ta, wato guntu ɗaya da ya maƙale a raga ko a ƙafar tsuntsu ya isa ya fara sabuwar mamaya.

Abin da ya kawo sauƙi wani ɗan ƙwaro ne mai dogon baki daga Barazil, Cyrtobagous salviniae. Masu bincike na CSIRO, hukumar binciken kimiyya ta Ostareliya, sun sake shi a tafkin Mundara na jihar Kwinsland a 1980, cikin kimanin shekara guda ya rusa shimfiɗar, daga nan aka kai shi wasu ƙasashe. Azola ma ba ta tsira daga zargi ba: Azolla filiculoides, 'yar nahiyar Amurka, ta toshe madatsun ruwa a Afirka ta Kudu har sai da aka saki wani ƙwaron a 1997.

A yau Salvinia molesta tana cikin jerin miyagun ciyayi na gwamnatin tarayyar Amurka, Tarayyar Turai kuma ta hana sayar da ita da ajiye ta tun 2019. Ka binciki dokar inda kake kafin ka saya. Kada ka dogara da sunan da mai sayarwa ya rubuta, domin ƙaramar molesta ganyenta a kwance yake, ƙanana, kamar na minima. Sai ta samu cunkoso take girma ta naɗe. Gashin ne ke tona asiri: a minima rassan huɗun a buɗe suke, a molesta da 'yan uwanta na kusa sun haɗe a ƙarshe kamar ɗan keji.

To ina zan kai wadda na kwashe?

Ka baza ta a busasshen wuri, siririn shimfiɗi, har ta bushe ƙarau tana farfashewa a hannu. Kada ka tara ta tsibi, domin na tsakiya yakan daɗe da ɗanyensa. Bayan ta bushe sai a binne ta, ko a sa ta cikin takin gargajiya nesa da ruwa, ko a ɗaure ta a leda a sa a shara. Ba a zuba ta a kwata, ko magudana, ko rafi, ko masai mai ruwa. Ruwan da aka canza daga tanki a tace shi ko a zuba wa shukar tudu. Mai kududdufin da kan yi ambaliya lokacin ruwan sama ya sa raga mai ƙananan ido a mafitar ruwan. In kuma kududdufin yana haɗe da rafi ko tafki, shawarata ita ce kada ya sa baƙon nau'i a ciki sam.

Za su rayu a waje lokacin sanyi mai tsanani?

Nau'o'in ƙasashe masu zafi ba su jure ƙanƙara. Salvinia natans, wadda ake samu a Turai da Asiya, takan mutu da hunturu, ƙwayoyin haihuwarta su kwana a ƙasan ruwa su tsiro idan ɗumi ya dawo. Mai son tabbas ya ɗebi kaɗan kafin sanyi ya ajiye a ɗaki cikin faffaɗan mazubi kusa da taga ko ƙarƙashin fitila.

Zan yi tafiya ta makonni. Yaya zan bar tankin?

Kafin ka tashi ka kwashe kusan duka, ka bar abin da bai wuce tafin hannu ba a cikin zoben tiyo. Ka sa fitilar a kan na'ura mai kunnawa da kashewa da kanta, ka rage sa'o'in zuwa 6 ko 7, ka dakatar da taki. Ka cika ruwan, domin zai ragu, kuma idan ya ragu zubowar matata tana ƙara ƙarfi ta nutsar da tsirran. In akwai wanda zai riƙa ba kifin abinci, ka ajiye masa ragar kusa da tankin, ka nuna masa iyakar da bai kamata koren ya wuce ba da inda zai baza wadda ya kwashe.